Wayar da Mai Testa Ya Juya

Yayana ya yi shekara talatin da takwas yana wayarin gidaje, kuma har yau ko ƙofar gida ba ya leƙawa sai da testa, ɗan abin gwada wuta, soke a aljihun gaba. Shi ya sa ake ce masa Mai Testa. Mutumin kirki ne, amma taurin kan gidanmu kaf shi ya kwashe. Ni ƙanensa gyaran rediyo nake yi, sana'ar da a wurinsa wasan yara ce.

Matarsa, wadda nake tsokana da Matarmu, kunnenta ya yi nauyi. Siririn sauti ya daina shigarta, sai mai kauri. Tana da wani tsohon kaset da mahaifinta ya ɗauki muryarsa ya aiko mata kafin ya rasu. Shekara uku tana saka shi a ɗan rediyonta tana kanga kunne, ba ta jin komai sai shuuu. Abin yana cin ranta. Shi ma Yaya yana cin nasa, ba dai zai faɗa ba ne.

Sai ya sayo wufa biyu, manyan sifikun nan masu fitar da kaurin murya. Ya haɗo da kurosoba, ɗan allon da ke raba sauti, mai kauri ya tafi babbar sifika, siriri ya tafi ƙarama. Kafinta ya ƙera masa akwatuna. Na ce bari in zo in jona masa su da babban rediyon falo.

"Ni da na ja wuta a bene mai hawa huɗu?" in ji shi. "Zauna abinka, malam."

To, na zauna. Ran Asabar da hantsi sai ga kiransa, wai sifikun jabu ne.

Na tarar an ture kujeru gefe, ɓawon waya ko'ina a kan kafet. Matarmu ta yi tagumi, kaset a cinya. Ya kunna min rediyo, sauti ya fito fayau kamar daga cikin gwangwani. Na leƙa bayan akwatunan. Aiki tsaf, wallahi, ko ni sai haka. Amma a na dama jar waya tana kan jan maɓalli, a na hagu kuwa ja tana kan baƙi.

"Yaya, ka juya waya."

"To sai me? Ƙwan fitila ko ta ina ka ba shi wuta kamawa zai yi."

"Haba! Sifika ƙwan fitila ce?"

Raina ya ɓaci, amma na san gardama da shi ɓata yawu ne. Na zare wayoyin daga rediyo, na ciro batir daga rimot, na ɗosana a na dama. Fatar wufar ta zabura waje. Na ɗosana a na hagu daidai yadda na yi, ta shige ciki.

"Ka gani? Ɗaya na turo iska, ɗaya na zuƙe ta. Ta ina kaurin zai fito?"

Ya daɗe yana kallo yana sosa ƙeya. "Laifin masu ƙerawa ne," ya ce, "da ba su rubuta da manyan baƙi ba." Ya fizge sukundireba daga hannuna ya juya wayar da kansa, don kada a ce ni na gyara.

Ya karɓi kaset ɗin a hannun Matarmu ya saka. Da fari shuuu ɗin nan, sai wani tari mai nauyi da ya sa gilashin taga ya amsa. Matarmu ta miƙe zaune.

"Ku yi shiru mana!" ta ce, alhali ba wanda ya ce uffan.

Muryar tsohon ta cika falon. Ya yi sallama, ya ƙwanƙwasa rediyonsa sau biyu, ya ce, "Wannan abin yana ɗauka kuwa? 'Yata, kina jina?"

Tana dariya hawaye na zuba ta ce, "Ina jin ka, Baba."