Ranar da muka kai Baba Bitrus masaƙa cikin kwali

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da abokin aikina na sashen kimiyyar sinadarai, da kwamfuta a cikin kwali mun naɗe ta da bargo. Direba ya ce kwalin ma sai ya biya kuɗin kujera. Muka biya, don ya fi mu daraja a tafiyar nan.

Shekara biyu muna zirga-zirga zuwa wata masaƙa a Kakuri, wurin Baba Bitrus, mutumin Filato, shugaban sashen rini. Muna tambayarsa: idan launi ya fito dabbare-dabbare me kake yi? Idan ja ya koɗe fa? Duk amsarsa muka mayar da ita ƙa'ida, idan kaza to kaza, muka zuba a kwamfuta, don ta riƙa yi wa ma'aikaci tambayoyi tana ba shi shawarar yawan soda da gishiri da zafin tukunya. Sau ɗaya Baba ya taɓa tambayata ko abin nan zai raba shi da aikinsa. Na rantse masa cewa mataimaki muke yi masa.

Hanya ba laifi. Sojoji sun bar shingaye, 'yan sanda sun gaje su, hannun da ake miƙowa dai bai canza ba. Daga Kawo layin mai ya fara, fastocin 'yan takara kuma har yau suna manne a bango suna yi wa masu layi murmushi. Da muka hau gada na ga kogi ya yi jajir saboda ruwan farkon damina.

A Kakuri muka karya da ƙosai da kunu wurin wata 'yar Binuwai mai hannun kyauta. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne atamfar waje da aka baza a bakin ƙofar masaƙar, araha kamar an tsinto ta, har ma'aikatan ciki suna tayawa.

Ciki kuwa rabin injuna a kashe. Manaja, wani Alhaji mai fara'a, ya ba mu lemo, aka kira Baba, aka kunna kwamfuta. Sau uku ana kawo mata matsalar rini, sau uku shawararta na dacewa da ta Baba. Ni sarkin wauta har ina washe baki.

"Dakta, kun gama mana aiki," in ji manaja. "Ga Baba a kwali."

Sai ya jawo takardar ma'aikatan da za a rage, ya rubuta sunan Baba a gabanmu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, kwamfutar nan abin da muka tuna muka tambaya kawai ta sani. Baba da yatsa biyu yake murza ruwa ya gane abin da ke ciki."

"No vex, Dakta, kada ka ji haushi. Kwali ba ya zuwa asibiti, ba ya shiga yajin aiki."

Baba kuwa hularsa kawai yake juyawa a hannu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta, kuma ni na kawo wuƙar da aka feɗe ta.

Shi ya raka mu har bakin titi. Na soma ba shi haƙuri, ya tare ni.

"Malam, ka ga kogi yau?"

Na ce na gani.

"In ya yi ja haka, ruwan da muke jawowa yana canzawa, tacewar ba ta kama shi duka. Shuɗi yakan mutu. Ba ku taɓa tambayata ba. Rubuta, ka saka wa kwamfutar, kada su ɓata yadi a kori sauran."

Na jingina takarda a jikin wata motar haya ina rubutawa, yana faɗa mini dalla-dalla. Da ya gama ya tari mashin zuwa Makera, bai waiwayo ba.

Mun iso gida kafin magariba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, kafin ka roƙi mutum iliminsa, ka fara sanin hannun wa zai faɗa. Mu mun iya auna soda, wannan ne ba mu auna ba.

Takardar na nan a aljihuna kwana huɗu ke nan. Idan na kai, na cire dalili na ƙarshe da zai sa su sake nemansa. Idan ban kai ba, shuɗi zai mutu, sauran su bi shi. Baba ya riga ya zaɓa, ni ne na kasa.