Sabon Takalmin Chaibou

Chaibou mutumin Tahoua ne, tsohon ɗan kokawa, shekararsa hamsin da biyu. Duk wanda ya zauna da shi a gidan ma'aikata na Montreuil, a gefen Paris, ya san hannunsa ya fi bakinsa sauri. Aikinsa sauke kaya daga kamiyo, manyan motocin nan, a shagon Alhaji Boubacar, kusa da Porte de la Chapelle. Ba mugu ba ne, wallahi, ga kyauta ga zumunci. Amma in ransa ya ɓaci, sai ya ga jini tukuna hankalinsa yake dawowa.

Hannun nan ne ya raba shi da 'yarsa Rékia. Kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba ya kwaɗa mata marin da ya fasa mata leɓe. Ta tattara ta tafi karatu Villeurbanne, kusa da Lyon, shekara uku ko gaisuwar Sallah bai samu ba. Sai ga wayarta wata Lahadi da hantsi.

"Baba, ina kwana. Za mu tahi duwatsun Vercors da abokan karatuna, kwana biyar a ƙasa, kowa da jakarshi a baya. In kana so, ka taho. Sau ɗaya nika tambaya."

Ya gane sarai. Ƙofa ce aka buɗe masa kaɗan, in ta rufe shi ke nan.

Ta aiko masa da jerin kaya: jaka, tanti, buhun barci, gorar ruwa, takalmin hawan dutse. Ya saye su duka. Motsa jiki kuwa, irin na 'yan kokawa ya yi, ba tausayi. Ya ɗura shinkafa kilo ashirin da biyar cikin jakar, kullum bayan sallar asuba ya hau benen gidansu hawa shida, ya sauko, ya koma, har sai ya yi amai. Igiyar jakar ta saɓule masa fatar kafaɗa, ya shafa man kaɗe ya ci gaba. Da jakar yake zuwa aiki. Wata rana wani ɗan sane ya fizgo ta daga baya a bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana zaton dukiya ce. Chaibou ya juyo ya sure shi, ya buga da kwalta, ya bi shi da gwiwa a ƙirji har haƙori ɗaya ya yi tsalle. Mutum huɗu ne suka ɓamɓare shi da ƙyar.

Takalmin ne kawai bai taɓa ba. Rékia ta faɗa, ta maimaita: ya riƙa sa shi kullum har ya yi laushi. Ina! Chaibou ya taso ne inda ake ajiye sabon kaya a akwati sai ranar Sallah. Ya je gaban abokan 'yarsa da takalmi mai ƙura, kamar wanda ba shi da kowa? Ya bar shi cikin kwalinsa, yana ta hawa bene da silifas.

Ana gobe tafiya ya sauka Lyon a jirgin ƙasa, takalmi a ƙafa yana ƙyalli. Rékia ta tarye shi a tasha, ta gaishe shi tana kallon gefe, amma ta karɓi ledar hannunsa, kuma wannan kaɗai ya kusa sa shi hawaye. Shugaban tafiyar, wani siririn saurayi mai suna Nassim, ya ce kowa ya goya jakarsa su gwada ƙafa a matakalar tudun Fourvière, hawa uku sauka uku.

Hawan farko Chaibou ya wuce su duka yana murmushi. A na biyu ya ji kamar an zuba masa garwashi a diddige. A na uku bororon da takalmin ya tayar masa ya fashe, safa ta jiƙe jagab, kowane taku kamar da aska ake yankarsa. Ya cije, ya ci gaba da hawa, har ƙafa ta ƙi ɗauka ya zube a kan matakala.

Nassim ya durƙusa ya zare masa takalmin tun bai nemi izini ba. Safar ta fito da fata manne a jiki. 'Yan matan suka kau da kai.

"Kawu, wannan ƙafar ba ta zuwa ko'ina," in ji Nassim, ya juya ga Rékia yana 'yar dariya. "Ba ki gaya masa ba? Ko yaro ya san wannan."

Dariyar ce ta yi ɓarnar. Chaibou bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya shaƙe wuyan saurayin, ya sa masa ƙafa, ya ɗaga shi da jakarsa duka ya maka da ƙasa. Ƙeyar Nassim ta daki gefen dutse, ji kake ƙwas, jini ya malalo yana bin matakala. Wata yarinya ta kurma ihu. Chaibou ya tsaya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, yana huci, sai a lokacin hankalinsa ya dawo, tare da wata kunya da bai taɓa jin irinta ba.

Rékia ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, da ma ta zage shin. Ta cire ɗankwalinta ta danne raunin, ta ce wa ƙawarta ta kira motar asibiti. Nassim ya buɗe ido yana nishi. Chaibou ya matso kusa da 'yarsa.

"Rékia, ɗiyata, wallahi ban yi niyya..."

"Na sani, Baba. Ba ka taɓa yin niyya ba." Ba ta ɗago ba, hannunta biyu suna kan ɗankwalin da ya rine. "Akwai jirgin Paris ƙarhe shida. Ka tahi."