Kalangu Bai Tuba Ba

Ranar Lahadi ce, ƙarshen damina, dawa ta fi mutum tsayi. Na tashi da yunwar da za ta iya cinye jaki har da mangalarsa. Sunana Mati. A lokacin ni ne makaɗin majami'ar Gidan Barmo, wata 'yar unguwar Maguzawa a gindin duwatsun Roni. Zamanin En'e ne, kowa da takardar harajinsa a cikin hula. Mu talatin da huɗu ne masu bi, har da na goye, amma in muka buɗe baki sai ka rantse kasuwar Kazaure ce take ci.

Matata Ladi ce mai ba da waƙa. Ita take jefa baiti, mu mu amsa. Na sha faɗa, in ta ɗaga murya a Roni sai zakaru su farka a Babura. In ban da Malam Audu mai bishara, babu mai karatu a cikinmu a lokacin. Abin da muka sani na Littafi, daga bakin Ladi muka haddace shi.

Waƙoƙin da Turawan mishan suka kawo kuwa ja gare su kamar yauƙin kuɓewa. Kafin a kai baiti na biyu tsofaffi sun yi mafarki uku. Sai Malam ya ce mu yi namu da muryar gida. To ni kafin in tuba makaɗin zambo ne. Akwai wata tsohuwar waƙa da na yi wa Ranau, sarkin bakan unguwar da ke ƙetaren fadama: "Ranau ya ga zomo, ya hau rimi." Shekara goma yara suna rera ta a bayan idonsa. Na kwashe kalmomin na zuba sababbi: "Yesu ya ga kuka, ya zo ceto." Suka zauna daram kamar an auna.

Da safen nan Ladi tana dama kunu ta ce, "Maigida, kai fa aka yi wa baftisma, ba kalangunka ba. Shi har yau zomo yake faɗa."

"Kalangun nan ya fi Malam tuba," in ji ni.

"Sarkin surutu. Yau ne bakwai ɗin rasuwar Ranau. Danginsa suna can sun taru tun jiya."

Na yi dariya na shanye kunun.

Ga wanda bai tashi da kalangu ba: magana yake yi. Baki yana sake kalma, fata ba ta sakewa. Kowane yaro a fadamar nan ya san abin da kiɗan yake cewa.

Ƙarfe tara a agogon Malam aka buga tsohuwar garmar da muke ratayewa a jikin marke. Muka shiga. Majami'ar ginin ƙasa ce da jinkar ciyawa, ƙofa ɗaya. Ruwan sama ya rushe kusurwar baya, mun toshe gurbin da zana muna jiran rani.

Tara da rabi Ladi ta jefa sabuwar waƙa. Ta kalle ni sau ɗaya kafin ta fara. Na matse kalangu a hammata. Jama'a suka amsa, tsofaffi har da rangaji. Ban taɓa jin mun yi waƙa irin ta ranar ba. Iska tana kaɗawa zuwa fadama.

Muna cikin zagaye na uku gangar makoki ta ƙetare ta yi shiru. Na ji shirun. Ban tsaya ba.

Goma saura kaɗan aka busa ƙahon farauta. Sai haushin karnuka. Sai ƙafafu a cikin laka.

"Maigida, ajiye shi!" in ji Ladi.

Hannuna ya tsaya. Waƙar ta mutu a bakin mutane.

Sun kai arba'in. Jatau, babban ɗan Ranau, shi ne a gaba. Jarumai ne ƙwarai. Sun sha giyar kwana biyu, sun ɗauko gora da gatari da bakan uban nasu, sun zo yaƙar mata da littafin waƙa. A cikinsu akwai 'ya'yan kawuna biyu da muka yi kaciya tare. Akwai wanda Ladi ta yi wa matarsa unguwar zoma da bazara.

"Ina Mati? Ku fito mana da shi!"

Ban fita ba. Na rubuta wannan da hannuna don kada wani ya riga ni.

Malam Audu ne ya fita, Littafi a sama, yana cewa su yi haƙuri kuskure ne. Gora ta sauka a kansa. Ƙararta kamar an fasa ƙwarya. Suka jefo shi ciki, suka ja ƙyaure, muka ji sun mirgino turmi sun tokare.

"A sa wuta! Su rera a ciki!"

Ciyawar da ɗan danshi. Hayaƙi ya riga wuta. Kafin ka ƙirga ashirin ba ka ganin tafin hannunka. Yara suna tari, mata suna kiran sunaye, kowa ya yi ƙofa, ƙofa kuwa a tokare. Babu wanda ya tuna da zanar baya.

Sai muka ji Ladi daga kusurwa. Ba sabuwar waƙar ba, ɗaya daga cikin masu yauƙin nan da nake yi wa ba'a, wadda kowa ya iya. Tana ja a hankali. Tsakanin baiti da baiti tana cewa, "Ta nan! Ku biyo murya! Ku sunkuya!"

Muka biyo murya. Na ji zana ta yage, na ji iska a fuskata. Na cafki hannun da ke bakin gurbin na fizgo shi waje. Na ce a raina na kamo matata.

Muka faɗa cikin dawa da gudu. Ganye yana yankar fuska. Ban waiga ba sai da muka kai kunyar ƙarshe ta gonar Tanko, yayana. A nan na tsaya in ja numfashi.

Waƙar tana nan. Daga majami'a take fitowa.

Na duba hannun da nake riƙe da shi. Kande ce, matar maƙeri.

Na juya zan koma, Tanko ya kayar da ni ya danne. Yana da jikar wani a ɗaya hannun. "Kai suke nema! Za ka jawo su kan yaran nan!" Ina kwance, bakina cike da ƙasa, ina jin ta. Ta gama baiti na uku. Ta kira Kaka Arziki, makauniyar tsohuwar da ke zama a gaba, sau biyu. Ta shiga na huɗu. Ta kai rabinsa. Jinka ta rufta.

Ƙarfe goma da kwata ne. Agogon yana hannun Malam, maza biyu suna ɗauke da Malam.

Karnuka suka shigo dawa. Muka hau duwatsu, inda ba sawu. Rana tsaka muna cikin wani kogo, iyaye sun toshe bakin jarirai da nono. A ƙasa muna jin su suna fasa rumbuna, suna kiran sunana da kiɗan zomo a bakin gora. Hayaƙin Gidan Barmo ya miƙe gida gida. Na gane namu da wurin da ya tashi.

Da azahar muka gangara ta arewa. Wata Bafulatana mai tallar nono ta gan mu, ta sauke ƙwaryarta. Yara suka sha. Mijinta, Ja'e, ya kora shanunsa a kan sawunmu har ya ɓace, sannan ya ɗora Malam a kan takarkari.

A nan Kande ta ce in sauke abin da ke kafaɗata. Na duba. Kalangu ne. Igiyarsa tana rataye tun safe. Na fito da shi daga wuta ko ƙuna babu.

La'asar sakaliya Malam Audu ya cika a kan takarkarin. Muka binne shi a bakin wani rafi da fartanyar aro. Babu wanda ya yi waƙa.

Washegari da hantsi muka shiga Gwiwa. Wani Babarbare mai sayar da kanwa, Malam Bukar, ya buɗe mana zaurensa da garken awakinsa. Maƙwabta suka yi ta magana, ya ce baƙinsa ne. Kwana uku muka yi. A na ukun Ja'e ya zo. Ya je Gidan Barmo da sanda ya tona tokar. Ya ce ya same su su biyu, Ladi da Kaka Arziki, taku ɗaya daga gurbin zana, ɗaya ta goya ɗaya. Ya binne su tare don ba su rabuwa. Ya miƙo mini warwaron tagullar Ladi, ya yi baƙi.

Jatau, an ce, ya gaji sarautar baka. Ya tsufa da jikoki. Ana gaya mini in yafe. Shekara ashirin ina kan hanya, har yau ban iso ba.

Daga Gwiwa muka yi gabas, muka ratsa bayan Kazaure, kwana huɗu a ƙafa zuwa wajen dangin Tanko a ƙasar Babura. Lahadi ta same mu a gindin wata tsamiya. Tanko ya ƙirga mu. Talatin da ɗaya.

Ya yi addu'a iyakar abin da ya tuna. Sai lokacin waƙa ya yi. Muka gyara tsayuwa, muka ja numfashi gaba ɗaya kamar yadda muka saba, muna jiran a jefo baiti mu amsa.

Muka jira.

Kalangun yana rataye a ɗakina. Fatar ta bushe. Ban sake ta ba.