Wasan da na sa ƙanena Haruna ya buga

Shekara tara ke nan da muka kai ƙanena Haruna makwancinsa a nan Makka. Na girme shi da shekara biyu, ban taɓa kawowa a raina ni zan tsaya a bakin kabarinsa ba. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama sai in ɗauki biro, in sake ajiyewa. Bana dai na daure.

Mahaifinmu daga Kano ya taso, ya biyo ta Sudan, ya zauna a unguwar Misfala a nan Makka yana sayar wa alhazai turare da carbi. A nan aka haife mu. Lokacin da muka shiga kwalejin horar da malamai, ƙwallo bai daɗe da shiga makarantu ba. Filinmu yashi ne da tsakuwa, turakun raga bututun ruwa ne aka kakkafa, rigunanmu kuwa wani tela a unguwar Jarwal ya ɗinka, kowace lamba da nata girman. Bayan la'asar muke atisaye, in rana ta ɗan yi sanyi. Ni ne kyaftin, Haruna ne mai tsaron gida.

A shekararmu ta ƙarshe tare, sau ɗaya kacal aka ci mu, kuma kowa ya san saboda Haruna ne. Yakan faɗa kan tsakuwa kamar a kan katifa, ya tashi yana dariya da gwiwa a goge. Sai dai ba ƙwallo ya fi so ba. Allah ya ba shi kyan rubutun hannu. Masu shaguna a unguwarmu sukan kawo masa alluna ya rubuta musu suna da Larabci, malaminsa kuma ya yi masa alkawarin haɗa shi da wani gwanin rubutu in ya gama karatu.

Kwana uku kafin wasan ƙarshe, wanda za mu kara da wata kwaleji daga Jidda, ya faɗi a kan hannunsa na dama. Bai nuna wa kowa ba. A gida na gane, muna cin abinci, na ga ya kasa gutsurar gurasa. Na janye hannun rigarsa, wuyan hannun ya kumbura sosai.

Ya ce, "Yaya, gobe zan faɗa wa malamin wasanni. Hannun nan ba lafiya."

Na ce, "Wa zai tsaya mana a raga? Wasa ɗaya ne, Haruna. Ka ɗaure shi tamau. Muna gamawa ni da kaina zan kai ka asibiti."

Ya daɗe yana duban hannun, sannan ya ce, "To, Yaya." A gidanmu ƙane ba ya musu da wansa, kuma na san haka lokacin da nake maganar.

Mun ci wasan ɗaya da nema. Bayan hutun rabin lokaci aka ba su fanareti, Haruna ya yi tsalle ya tare ƙwallon da wannan hannun. Ina kusa, na ji ƙarar. Ya miƙe fuskarsa ta canza, ya dube ni, ni kuwa na tafa masa na juya baya. Haka ya ƙarasa wasan. Da aka miƙo kofi, da hagu ya taɓa shi.

Likita ya ce tsagewa ce tun farko, da an ɗaure an huta da ta warke. Yanzu ƙashin ya karye, kuma bai sake haɗuwa daidai ba. Yatsu biyu suka daina riƙo. Haruna ya koyi rubutu da hagu, ya zama malamin firamare, ya koyar har ya yi ritaya, amma bai sake rubuta allon shago ko ɗaya ba. Alƙalumansa ya kwashe ya ba wani abokinsa.

Yanzu ina zaune a unguwar Shisha, jikokina suna kallon ƙwallo a waya suna ihu da Larabci. Ɗan wasa na ɗingishi kaɗan sai likitoci su rugo, a fitar da shi. Nakan tambayi kaina me Haruna zai ce in ya gani. Ina jin dariya zai yi, ya ce 'yan yanzu sun fi mu hankali. Bai taɓa riƙe ni a zuciya ba, ko kuwa bai taɓa nuna mini ba. Ni ma ban taɓa cewa ya yafe mini ba. Shekara arba'in da wani abu muna sallar Juma'a tare, kullum ina cewa sai wani satin.

Bayan rasuwarsa, babbar 'yarsa Maryam ta ce mini, "Baffa, wai da gaske daga kan tsani Abba ya faɗo yana saurayi?" Ashe abin da ya faɗa wa 'ya'yansa ke nan duk tsawon rayuwarsa, don kada su dube ni da wani ido. Ranar na ce mata haka ne.

Maryam, ba haka ba ne. Ni na sa shi. Kofin ban san inda ya shiga ba, 'yan wasanmu saura mu uku a raye. Abin da mahaifinki ya bari shi ne ɗaliban da suka cika sahu a jana'izarsa, da asirina da ya rufa har ya koma ga Allah. Allah ya rufa masa nasa, ya jiƙansa da rahama.