Kangon Turawa na Bayan Filin Ƙwallo

Ni ne na goge rubutun. Gara in faɗa da bakina kafin ƙanwata ta riga ni.

A bayan filin ƙwallonmu a Unguwar Dosa akwai wani kango na dutse, tsayinsa bai wuce ƙuguna ba. Mu dai a wurinmu ma'ajiyar takalma ce. Da aka ce wani Alhaji ya sayi filin zai gina shaguna, sai Malam, tsohon malamin tarihi da ke layinmu, ya tara mutane bayan La'asar. Ya ce wurin gadin sojojin Turawan mulki ne, kuma in muka tono shaida, hukumar adana kayan tarihi za ta iya hana a rushe. Mai shayinmu, ɗan Nijar, ya ce a garinsu irin wannan na Faransawa har katanga aka yi masa, baƙi na zuwa ɗaukar hoto.

Asabar uku muna haƙa. Iyaye mata suka aiko da kunun zaƙi, masu Keke suka aro mana shebur. Mun tono ledar ruwa da za ta isa a lulluɓe Kaduna, da silifas ƙafar hagu zalla. A Asabar ta uku digata ta bugi wani ɗan faifan tagulla, kore shar, da kambi da lambobi a jikinsa. Malam ya karɓa ya dudduba. Ya ce tunda ni na samo, in adana zuwa Litinin da jami'ar hukuma za ta zo.

Ni kuwa na ga abin kunya ne a nuna wa babbar baƙuwa abu da datti. Na haɗa toka da yashi da tsamiya, na ɗauko soson ƙarfen Umma, na dirje shi har ina ganin haƙorana a ciki. Lambobin suka bi dattin.

Ranar Litinin da na miƙa wa Malam, ya juya shi gaba da baya. Na so ya mare ni in huta.

"Ɗana, tarihin ka wanke," ya ce a hankali, ya sa shi a aljihu.

Jami'ar ta ce in daina kuka, duwatsun kansu shaida ne. Za ta rubuta rahoto, amma sai ya je Abuja ya dawo, kuma Alhaji takardunsa cikakku ne. Muka rubuta koke, har kakata ta dangwala yatsa. Malam ya yi ta zirga-zirga ofis da fayil a hammata, kullum amsar ɗaya: ana dubawa. In ya dawo sai ya zauna a kan kangon da lemarsa, kamar nauyinsa zai riƙe shi.

Katafila ta zo wata Laraba muna makaranta, Malam kuma yana ofishin. Kafin a tashe mu an gama. Tifa ta kwashe duwatsun, aka cike wani kwazazzabo da su. Yanzu shaguna ne a wurin, rahoton kuma har yau bai dawo ba.