Lasifikoki Shida a Ɗakin Umma

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, wanda mutanen layinmu suka fi sani da Mai Lasifika. A shagonsa ciwon ƙirji ya kama shi, yana tsugune yana fere bakin waya. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Yaya, aikinka shi ne ɗaura lasifikoki a gidajen mutane da ɗakunan kallo, yadda sauti zai kewaye mai zama ta gaba da ta baya. Na sha raka ka ina riƙe maka tsani, har na haddace zancenka. Kowace lasifika da lambarta da mazauninta. Ta ɗaya gaba hagu, ta biyu gaba dama, ta uku kuma a tsakiya, ita ke ɗauke da maganar mutane. Ta huɗu ita ce ƙatuwar nan ta ƙasa, wadda ba ta magana sai gurnani. Kai ka sa mata suna Kawu, saboda Kawunmu ma haka yake amsa gaisuwa. Ranar da ya ji labari ya bi ka da sanda har bakin ƙofa, kana gudu kana dariya. Sauran biyun a baya suke zama.

Ba ka taɓa cewa aiki ya kammala kana tsaye ba. Sai ka nemi kujerar da mai gida ya saba zama, ka zauna, ka rufe ido. Kakan ce min, “Ƙanwata, hagu da dama na mai zama ne, ba na mai ɗaurawa ba.” A lokacin na ɗauka maganar aiki ce kawai.

Da ciwon suga ya tafi da idon Umma, ta daina shiga hira, ta koma zaman shiru a kujerarta. Kai ne ka tattaro lasifikoki shida daga shago, babu biyu masu kama da juna, ka rubuta wa kowace lambarta a baya da farin fenti, ka jera mata su a ɗaki. Ka naɗi muryarka a memori don gwaji, kana kiran kowace da lambarta. Daga ranar Umma ta dawo cikinmu. Idan mota ta wuce a fim sai ta juya kai ta bi ta, ta ce, “Kai, wannan direban bai da hankali.”

Da ka rasu, ɗakin ya yi wa masu gaisuwa kaɗan. Aka kwashe lasifikokin aka jibge a lungu. Bayan mutane sun ragu, Umma ta kira ni ta ce, “Auta, ina son in ji ɗana.” Muka duba wayoyinmu kaf, babu muryarka. Kai ba ka aika saƙon murya, kira kake yi, ko ka tako da ƙafarka. Abin da ya rage mana a duniya shi ne wannan gwajin.

Na tsaya a gaban talabijin ina fuskantar Umma, na ajiye ta ɗaya a haguna, sauran suka bi. Matarka ta jona wayoyin tana share hawaye. Muka kunna. Muryarka ta fito, “Ɗaya, gaba hagu.”

Umma ta ɗaga hannu. “Kashe. Ba ta nan yake fara zuwa ba.”

Na ce, “Umma, shi ne fa. Muryarsa ce.”

“Na san muryar ɗana, ni na haife shi. Amma ta wannan kunnen yake shigowa.” Ta taɓa kunnenta na hagu, ta juya fuska bango, ta ce a bar shi kawai.

Yaya, ban taɓa jin rashinka kamar a wannan lokacin ba. Na zauna a ƙasa na jingina da kujerarta. Ina ɗaga kai na ga ta ɗaya tana damana. Sai maganarka ta faɗo min. Na tashi na sauya musu wuri, na dawo na zauna kusa da ita, na rufe ido yadda kake yi.

Ka fara daga hagu. Umma ta juyo a hankali. Ka koma dama, ta bi ka. Ka zo tsakiya. Da ta huɗu ta yi gurnaninta, Umma ta yi murmushin farko tun rasuwarka, ta ce, “Ga Kawunku nan.” Ka zagaya bayanmu. Na manta cewa a ƙarshe ka ƙara wata magana. Bayan ka ce, “Shida, baya dama,” sai ka ce, “Umma, kin ji ni?”

Ta ce, “Na ji ka, ɗana. Allah ya yi maka albarka.”

Ya Allah, ka ji ƙan yayana, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya shi cikin mutanen dama. Ka ba Umma haƙuri da juriya. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa da 'ya'yansa, da Kawu wanda har yau bai iya shiga ɗakin ba, da abokan aikinsa. Allah ya raya abin da ya bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.