Ta'aziyyar Wahabu a Osaka

Wahabu direban minicab ne a Peckham. Daga zangon Kumasi ya zo Landan a 1984, ya fara da wanke kwanuka a wani otal, daga baya ya samu tsohuwar mota ya shiga ɗaukar fasinja. Ƙato ne mai son gaisuwa. In ya ɗauke ka a Rye Lane, kafin ku kai Camberwell ya tambayi lafiyar kowa naka har da kakarka da ke gida. Flat ɗinsa na saman nawa, matarsa Katumi kuma takan aiko mana da wake da shinkafa ranar Asabar, ta nan muka saba.

Yayan Katumi, Fatawu, yana sayen tsofaffin injinan mota daga Japan yana aikawa Kumasi. A 1993, bayan ƙaramar Sallah, ya riga ya yi booking ɗin jirgi sai ya zame a matakala ya karye a ƙafa. Ya roƙi Wahabu ya je a madadinsa, ya ga injinan da idonsa, ya ji ƙararsu. Aka nemo masa biza, Katumi ta cika masa jaka da gari da yaji, ya tafi.

Labarin da ke biye daga bakinsa na ji shi, a ɗakina ranar da ya dawo, bai ko cire rigar tafiya ba.

A bakin tasha a Osaka ya tsayar da tasi. Yana miƙa hannu ƙofar baya ta buɗe da kanta ta buge shi a gwiwa. Ya ja da baya yana a'uziyya. Da ya leƙa sai ya ga direba da farar safar hannu, kujeru an lulluɓe su da farin leshi.

"Malam Zailani, na ce wannan motan amariya ne," in ji shi. "Na rufe ƙofa na ba shi haƙuri."

Ta bayanta ma haka ta yi masa. Sai da ya ga wata tsohuwa ta shige abinta sannan ya yi shahada ya shiga.

Aikin injina bai ci masa lokaci ba, don haka washegari ya fita ganin gari. Ya yi ta cin karo da mutane sun rufe hanci da farin ƙyalle. Ya shinshina hammatarsa, ya koma masauki ya sake wanka, ya zuba turare, ya fito. Ba su cire ba.

Tafiya ta kai shi wani babban lambu kusa da wata tsohuwar fada mai ganuwar dutse. Itatuwa babu ganye, sai fure fari-fari da ɗan ja. A ƙarƙashinsu an shimfiɗa tamfol shuɗi, an jera takalma a gefe, maza da baƙaƙen kwat suna zazzaune. Wahabu ya tsaya ya girgiza kai. Lallai wani babban mutum ya rasu, kuma shi ba a yi masa tarbiyyar wuce zaman makoki ba.

Ya tuɓe takalmi, ya nemi wanda ya fi kowa furfura, ya tsuguna gabansa. Tsohon ya sunkuyar da kai. Wahabu ya ga bai kamata dattijo ya fi shi ƙasa ba, ya ƙara duƙawa. Tsohon ya kai goshi kan tamfol. Wahabu ya miƙe rub da ciki.

"In ba wani mata ya kawo abinci ba, da har yanzu muna can," in ji shi.

Ya ce musu "Sorry, sorry," ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Suka ɗaga nasu, ya shafa suka shafa. Aka miƙo masa giya, ya dafa ƙirji ya ce shi Musulmi ne, aka canza masa da koren shayi, wanda ya ce kamar miyar kuka ce da aka manta gishiri. Aka ba shi wasu ƙananan curi a tsinke masu kama da fura, ya jira nono bai zo ba. Don kada a ce ya zo hannu sake, ya zaro ƙullin yajin Katumi daga aljihu. Tsohon ya lasa. Nan take hawaye suka zubo masa.

Wahabu ya rungume shi. "Haƙuri, Baba. Duka za mu tafi."

Can wani ya kunna rediyo ya ɗauki makirufo ya fara waƙa ana tafi. Wannan bai ba shi mamaki ba, don a Kumasi ma Asante da kiɗa suke jana'iza. Da aka miƙo masa makirufon ya yi musu waƙar bikin zango, har ya ɗan taka. Daga nan ya bi tamfol-tamfol yana yi wa sauran dangi gaisuwa.

Sai da ya dawo wurin tsohon ne ya samu wata budurwa mai jin Turanci, ya tambaye ta wa ya rasu.

"Ba wanda ya rasu. Fure muka zo kallo."

"Wane fure?"

Ta nuna sama.

"To, in kun kalla, sai me?"

"Sai mu koma gida."

Ya ce ya daɗe yana kallon itacen, ko zai ga abin da suka gani. Fure ɗaya ya faɗo masa cikin shayi, aka yi masa tafi.

Da ya dawo Peckham ya sayi farar safar hannu, ya yanka labulen Katumi ya lulluɓe kujerun mota, suka yi mako ba ta yi masa magana. Ya kuma ɗaura igiya daga kujerarsa zuwa ƙofar baya don ta riƙa buɗewa da kanta. A Old Kent Road ya ja ta, ƙofar ta maki sandar fitila, Lawal mai ofishin minicab ya sa ya kwance igiyar a ranar.

Shekara na zagayowa ya hango wani itace ya yi fure a lambun Peckham Rye. Ya tattara mu da tabarma da kular shinkafa da nama, ya ce kowa ya tuɓe takalmi ya kalli sama. 'Yarsa Fulera ta ce, "Daddy, it's freezing." Muna kallon sama aka tsuge da ruwa, muka ruga bus stop da takalma a hannu. Wahabu ya ƙi tashi. Muna hango shi daga nesa zaune shi kaɗai da tabarma a ka, karen wani Bature ya tusa kai cikin kular yana cin naman.